Gautsi da Danƙo: Yadda Tsohon Dutse Ya Murzu a Ƙarƙashin Azbin

Matafiyin da ya tashi daga Agadas ya nufi Timiya ko Iferuwan, idan ya gangara cikin ƙoramun da ke ratsa tsaunukan Azbin, yakan tarar da wuraren da ruwan damina ya kwashe yashi ya bar dutse a fili, wankakke fes. A irin wannan shimfiɗa ana ganin zane fari da baƙi jere da juna, wani wuri a miƙe sambal, wani wuri a nannaɗe kamar rawanin da aka yar a ƙasa. Akwai inda farin zanen ya sirance har ya tsinke, sa'an nan ya sake kumbura gaba kaɗan. Wanda ya gani zai rantse hannu ne ya murɗa wani abu mai taushi. Amma in aka sa guduma aka bugi dutsen, ko lotsawa ba ya yi, sai dai ya tsage ya yi tartsatsi. To, ta yaya abin da ba ya lanƙwasuwa ya lanƙwasu?

Amsar tana ga wurin da dutsen yake a lokacin da abin ya same shi. Ba a nan bisa doron ƙasa ya murɗe ba. Ya murɗe ne yana binne a zurfin kilomita 15 ko 20, a ƙarƙashin wasu manyan tsaunuka da suka shuɗe, fiye da shekara miliyan 550 da suka wuce. Iska da ruwa ne suka yi ta zaizayar abin da ke bisansa har ya bayyana. Ke nan abin da ake takawa a Azbin saiwar tsauni ce, kuma zane-zanen da ke jikinta su ne kaɗai shaidar da ta rage ta yadda aka ɗinke ƙasar da Nijar ke zaune a kai.

Gautsi a sama, danƙo a ƙasa

Hausa ta daɗe da tanadin kalmomin da wannan fanni ke bukata. Abu mai gautsi shi ne wanda in aka matsa masa sai ya karye, kamar tulu ko busasshen kara. Abu mai danƙo kuwa yakan ba da kai, ya miƙe, ya canza siffa ba tare da ya rabu biyu ba. Alewa tana da halin duka biyu: mai alewa yana jan ta tana da ɗumi tana biye masa, in ta huce ya ƙwanƙwasa ta da ɗan ƙarfe sai ta ɓalle. Alewar ba ta canza ba, zafi ne ya canza, da kuma gaggawar hannun da ya taɓa ta. Haka dutse yake.

Wajibi ne a raba wannan danƙo da narkewa, domin a nan masu fassara suka fi yin tuntuɓe idan suka ci karo da kalmar nan ta littattafan Faransanci, ductile. Ƙarfen da maƙeri ya zaro daga wuta ya yi ja wur, yana bin guduma yadda aka so, amma bai zama ruwa ba. Dutsen da ake magana a kai ma daskararre ne daga farko har ƙarshe. Ɗalibin nahawu zai lura cewa aikatau na rukuni na bakwai a rabe-raben Parsons ya fi kowane dacewa da wannan ma'ana: a sama dutse ba ya lanƙwasuwa, a can ƙasa yana lanƙwasuwa, yana miƙuwa, yana murzuwa. Siga ɗaya ta ɗauki yiwuwar abin da kuma aukuwarsa a kan abin da bai yi aikin da kansa ba.

Ɓawon nahiya yana da kaurin kilomita 35 zuwa 40 a galibin wurare, kuma zafi yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita da aka nutsa. Ma'adinai biyu ne suka fi yawa a cikinsa: kwarts, wanda shi ne tsabar yashin da kowa ya sani, da felsifa, mai launin fari ko ja-ja da ake gani a jikin giranit. Kwarts yana fara yin danƙo a wajen digiri 300, wato a zurfin kilomita 10 zuwa 12. Felsifa ta fi taurin kai, sai zafi ya kai digiri 450 ko 500. Nauyin duwatsun da ke bisa kuma yana danne kowace tsaga, ya hana ta buɗewa. Shi ya sa yawancin girgizar ƙasa ta cikin nahiyoyi ke tasowa daga kilomita 15 ko 20 na sama. A can ƙasa dutse ba ya tara fushi ya fashe lokaci guda, tafiya yake a hankali.

Yadda daskararren abu ke tafiya ba tare da ya karye ba shi ne ya fi wuyar shiga kai. A cikin kowace tsabar ma'adini, zarra suna jere sahu-sahu bisa tsari, amma tsarin ba ya rasa aibi, inda wani sahu ya ƙare a tsakiya bai kai gaci ba. Wanda ke son ya matsar da doguwar darduma mai nauyi ba sai ya ja ta gaba ɗaya ba. Yana iya ɗaga ɗan tudu a gefe guda, ya yi ta tura tudun da ƙafa har ya fita ɗaya gefen, sai ga darduma ta gusa da taki guda. Haka waɗannan aibobi ke ratsa tsabar, miliyoyinsu, kowane ya gusar da sahu da faɗin zarra ɗaya. Idan suka cunkushe, tsabar takan sake haifar kanta, ta rarrabu zuwa sababbin tsabobi ƙanana masu tsabta, aiki ya ci gaba. A 1965 Griggs da Blacic suka nuna a ɗakin gwaji cewa ɗan ruwa ƙalilan da ya shige cikin tsabar kwarts yana rage ƙarfinta ƙwarai, abin da ya bayyana dalilin da ya sa dutse mai laima ke murzuwa inda busasshe ya ƙi.

Sauran sirrin lokaci ne. A irin saurin da aka saba ƙiyastawa, dutse mai tsawon mita 10 yana ƙara kamar mita 3 a cikin shekara miliyan guda. Da mutum zai zauna a gabansa tsawon rayuwarsa, ba zai ga ya motsa da kaurin farce ba.

Karatun dutse

Dutsen da ya sha matsi yakan jera ma'adinansa falle-falle, suna fuskantar inda matsin ya fito, kamar yadda curin ƙullu ke bajewa a ƙarƙashin tafin hannu. Mai irin wannan jeri fari da baƙi shi ake kira ginais, kuma shi ne matafiyin nan ya gani a ƙorama. A bisa fuskar fallen sau da yawa akan ga ƙananan layuka duk sun nufi gefe guda, tsabobi ne da aka ja suka yi tsawo, kuma su ke faɗin hanyar da dutsen ya bi. Inda falle mai tauri ya shiga tsakanin masu taushi aka ja su tare, mai taurin yakan tsintsinke gaɓa-gaɓa kamar hanjin da aka ɗaɗɗaure. Masanan Beljiyam ne a farkon ƙarni na 20 suka ara masa suna daga boudin, wato naman da ake ɗurawa a hanji, har yau kuma da sunan budinaj aka san shi a ko'ina.

Murzuwa ba ta rabuwa daidai a cikin ɓawon ƙasa. Da zarar wani wuri ya fara ba da kai, tsabobinsa sun ƙanƙance, ruwa ya samu hanya, sai ya ƙara taushi, motsi duka ya tattaru a kansa. Ta haka ake samun ziri mai tsawo inda ɓangarori biyu na ƙasa ke goga juna, ɗaya ya nufi arewa ɗaya kudu, abin da ke tsakaninsu yana miƙuwa kamar alewa. Ana iya kiransa zirin murza. Wani faɗinsa bai wuce yatsa ba, wani ya kai kilomitoci.

Dutsen da ke cikin zirin sunansa milonit, kuma tarihin sunan darasi ne ga mai ƙirƙirar kalmomi. Charles Lapworth ne ya raɗa shi a 1885, yana aiki a arewa maso yammacin Sikotilan, daga kalmar Girkanci mai nufin wurin niƙa, saboda ya ɗauka an niƙe dutsen ne kamar hatsi tsakanin duwatsun niƙa biyu. Sai a shekarun 1970 aka tabbatar cewa ƙanƙantar tsabobin ba daga farfashewa ta zo ba, daga sake haifuwar nan ce. Fahimta ta canza, suna ya zauna. Wanda zai fassara shi da “niƙaƙƙen dutse” ya bi asalin kalma ya saki ma'ana, “murzajjen dutse” ya fi kusa da gaskiya.

Abu mafi amfani a milonit shi ne yana faɗin wane gefe ne ya tafi ina. A zafin digiri 350 ko 400, kwarts ya riga ya yi danƙo amma felsifa na nan da taurinta, don haka manyan tsabobinta ke zama kamar tsakuwa a cikin tuwo, suna jujjuyawa. Kowace takan fitar da wutsiya biyu, ɗaya a sama ta nufi gefe guda, ɗaya a ƙasa ta nufi ɗaya gefen, kuma daga karkatar wutsiyoyin ake gane juyin. A 1979 Berthé da Choukroune da Jégouzo, suna nazarin giranit a yankin Bretagne na Faransa, suka bayyana wata alamar: fallaye iri biyu da ke haɗuwa a karkace, suka sa musu haruffan S da C daga schistosité da cisaillement. Idan ido bai wadatar ba, sai a yanko dutsen a goge shi har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita, haske ya ratsa shi, a duba a madubin ƙara girma.

Saura sanin wane ya riga wane. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ya yanke wani ya zo bayansa, lanƙwasar da aka sake lanƙwasawa ita ce ta fari. Shekaru kuwa daga zirkon ake samun su, wata ƴar tsaba mai jure zafi da zaizaya, wadda ke kama yuraniyom lokacin da take tsirowa, shi kuma yana rikiɗa ya zama dalma bisa saurin da aka sani. In giranit ya murzu tare da ziri, to ya riga ƙarshen motsin. In ya ratsa zirin yana garau, motsin ya riga shi tsayawa. Tsakanin shekarun biyu ake kama lokacin.

Ɗinkin da ke ƙarƙashin Nijar

Ɓawon teku ba ya tsufa, domin mafi daɗewa a manyan tekuna na yau bai wuce shekara miliyan 200 ba, sauran ya nutse ya koma cikin ƙasa. Ɓawon nahiya ya fi shi sauƙin nauyi, ba ya nutsewa da daɗi, shi ya sa ake samun ginais mai shekara biliyan 4 a Akasta ta Kanada. Tsofaffin sassan da suka yi sanyi suka kafe ana ce musu kiraton, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙarfi. Ɗaya daga cikinsu, kiraton na Afirka ta Yamma, gefensa na gabas ya shigo Nijar a Liptako. Duwatsun Tera da kwarin Sirba, da waɗanda ke leƙowa a gaɓar kogi a Yamai, sun kafu wajen shekara biliyan 2.1 zuwa 2.2 da suka wuce, kuma tun da suka huce ba a sake murza su sosai ba.

Gabas da nan labari ya sha bamban. Akwai teku a da tsakanin wannan kiraton da ƙasashen da ke gabas, ya yi ta tsukewa har ya rufe wajen shekara miliyan 630 zuwa 600 da suka wuce. Wannan karo yana cikin babban al'amarin da W. Q. Kennedy ya sa wa suna Pan-Afirka a 1964, wanda ya haɗa nahiyar Gondwana. Girman abin ana ganin sa a Gurma ta Mali, inda aka samu kowesit, wani nau'in kwarts da ba ya samuwa sai a matsin zurfin kilomita 90 ko fiye. Ma'ana gefen nahiya ya nutse har can, ya kuma dawo. A Nijar bakin ɗinkin yana binne a ƙarƙashin duwatsun kwance na kwarin Iwillimmidan, wanda ya shimfiɗu daga gabashin Yamai ya haɗa da Dosso da Tawa. Mai tafiya Damagaram a mota yana ƙetare shi bai sani ba.

Abin da ya matsu tsakanin kiraton na yamma da tsohuwar ƙasar Sahara ta gabas shi ne garkuwar Abzinawa, wato Ahaggar ta Aljeriya, Adrar na Ifogas a Mali, da Azbin. A 1994 Russell Black da abokan aikinsa suka nuna cewa ba dunƙule guda ba ce, gutsattsari 23 ne, kowane da tarihinsa, an harhaɗa su kamar rigar faci, kuma zirin murza ne ke tsakanin mafi yawansu. A wannan shekarar Jean-Paul Liégeois da abokansa suka fayyace uku da suka gina Azbin. Daga gabas akwai Awzegar, wanda ke ɗauke da ragowar ɓawon teku a tsakiyar hamada, sai Bargot, sai Asode a yamma, mai sunan tsohon birnin nan da ya zama kufai.

An gina Azbin hawa biyu. A na farko, daga wajen shekara miliyan 750 zuwa 660, an tura gutsattsarin gabas suka hau kan gefen ƙasar Sahara, falle bisa falle, a kwance. A Asode zafi ya haura digiri 650 har dutse ya fara narkewa, ya bar ginais mai jijiyoyin giranit a cakuɗe, wurin da danƙo ya yi iyaka da narkewa. A hawa na biyu, daga wajen miliyan 645 zuwa 580, matsin da ke zuwa daga yamma ya rasa wurin tafiya gaba, sai gutsattsarin suka fara sulluɓewa a gefe, kamar ƙwallon mangwaro da aka matse tsakanin yatsu. Asode ya nufi arewa yana goga Bargot a kan zirin Ragan, wanda ya miƙe kudu da arewa kusa da layin digiri 8 da rabi na gabas, tsawon ɗaruruwan kilomita. Fallayen milonit ɗinsa a tsaye suke, layukan miƙa a kwance, alamar tafiyar gefe ce ba hawa ba. Gusawar kanta an ƙiyasta ta da ɗaruruwan kilomita, wato duwatsun da ke maƙwabtaka a yau ba a wuri ɗaya aka haife su ba. Giranit irin na Dabaga ya kutso a daidai wannan lokaci, shi ya sa shekarunsa suka zama agogon motsin.

Shaidar tsayawar abin tana da kyan gani. Wajen shekara miliyan 400 da suka wuce, narkakken dutse ya sake hudo Azbin ya daskare zobe-zobe. Mafi girma, Megar-Megar, faɗinsa ya kai kilomita 65, kuma a hoton tauraron ɗan'adam yana nan a kewaye kamar bakin ƙwarya. Da ƙasar na murzuwa bayan zuwansa, da ya zama ƙwai ko igiya. Irin waɗannan zobba sun ci gaba da fitowa kudu a zamunna na baya, a Damagaram da Muniyo wajen miliyan 300, sa'an nan a Jos. Tsayin Azbin na yau ma, har da ƙololuwar Bagzan mai mita 2022, ba gadon tsaunukan Pan-Afirka ba ne. Waɗancan sun baje tun da daɗewa, wani kumburi ne na baya-bayan nan, mai haɗe da aman wuta, ya sake ɗaga saiwar.

Ziri irin na Ragan ba su san iyakar ƙasa ba. Wanda ke bin layin digiri 4 da minti 50 a Ahaggar yana ɓacewa a ƙarƙashin Iwillimmidan, ya bayyana a Kandi ta Benin, ya faɗa teku, sai kuma a tsince shi a arewa maso gabashin Barazil, kusa da Sobral. Buɗewar Atilantika ce ta raba shi biyu. A kudancin Maraɗi, wajen Madarunfa da bakin iyaka, ginais da milonit da ke leƙowa ci gaba ne na waɗanda ke Katsina da Zamfara.

Tsohon tabo

Wurin da ya taɓa murzuwa ba ya komawa daidai da maƙwabtansa. Bayan zaizaya ta ɗago shi zuwa inda sanyi yake, danƙo ya ƙare, gautsi ya dawo, kuma duk lokacin da nahiyar ta motsa a kan tsohon tabon take tsagewa. Tsagar Arlit, wadda ta miƙe kudu da arewa har In Azawa, gadon irin wannan tsari ce. Ta yanke duwatsun yashin da suka kwanta daga baya a kwarin Tim Marsoyi, ta zama hanyar ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma a gefenta ne yuraniyom da ake haƙa tun 1971 ya taru. Zinariya ma haka: ruwan zafi mai ɗauke da ita yana bin zirin murza, ya zube ta cikin jijiyoyin kwarts, galibi a daidai zurfin da danƙo ke miƙa wa gautsi ragama. A kan irin wannan tsari Samira, da aka buɗe a 2004, da ramukan Komabangu suke a Liptako, sai dai nasu zirin ya girmi na Azbin da shekara biliyan ɗaya da rabi.

Ga mutanen Damagaram batun ya fi zinariya kusa. Dutsen da ya sake haifar tsabobinsa a zurfin kilomita 15 ba ya da kofofi irin na dutsen yashi, ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsaga da kuma ruɓaɓɓen samansa. Rijiyar burtsatse biyu da tazararsu ba ta wuce mita 50 ba, ɗaya na iya ba da ruwa ɗaya ta fito a bushe. Tsagogin kuwa sau da yawa suna bin tsohon jerin fallaye, shi ya sa mai neman ruwa a irin wannan ƙasa yake fara auna inda zanen dutse ya fuskanta kafin ya nuna wa masu injin haƙa wurin da za su kafa.